Yadda za ki fitar da ɗinki daga tsohon fim ba tare da an ɓata miki yadi ba

Duk mai son ɗinki da ta taɓa zama ta kalli tsofaffin finafinan Holiwud ko na Indiya, irin na shekarun 1930 zuwa 1960 ɗin nan, ta san akwai rigar da in ta fito a allo sai ki manta ma da labarin da ake yi, idonki na kan wuyan rigar da yadda ƙasanta ke bin ƙafa. To daga nan sai a ɗauki hoto guda ɗaya a waya, a sayo yadi mai tsada, a miƙa wa tela a ce irin wannan nake so, bayan sati biyu a karɓo wani abu dabam a yi ta faɗa. Gaskiya ba kullum laifin tela ba ne. Waɗancan rigunan an yi su ne don kyamara, don jikin mace ɗaya, don wani wuri ɗaya a cikin labari, kuma rabin aikin yana ciki inda hoto ba ya nunawa. In kina so taki ta zauna, sai kin fara gane yadda aka gina tasu, sannan ki sake gina ta a kan jikinki da irin wurin da za ki saka ta. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: ki kalli rigar tana motsi

Hoto ɗaya ba ya isa, ko da mai kyau ne. Ki nemo wurin da rigar ta fito a fim ɗin ki kalla daga shigowar jarumar har fitarta, kina tsayarwa kina ɗaukar hoton allo. Abin da kike nema shi ne gaba, baya, gefe, lokacin da take tafiya da lokacin da ta zauna. Na bayan nan shi mutane suka fi sakaci da shi.

Ki ɗauki baƙar rigar da Audrey Hepburn ta saka a farkon Breakfast at Tiffany's na 1961, wadda Hubert de Givenchy ya tsara. Kowa ya san ta daga gaba, doguwa har ƙasa, baƙin satin, babu hannu, babu wani ado. Amma in kin kalli fim ɗin za ki ga ta sauko daga tasi da asuba a titin New York, kyamara na bin ta ta baya tana tsaye gaban gilashin shago, kuma a bayan ne gwanintar take, an yanke kafaɗun sun shigo ciki sun yi wani lanƙwasa, ga sarƙar lu'ulu'u ta sauko ta kwanta a kai. Wadda ta kai wa tela hoton gaba kawai, doguwar baƙar riga za ta samu irin ta kowa. Ɗaya daga cikin kwafin rigar nan da Givenchy ya yi an sayar da ita a gwanjon Christie's a Landan a Disambar 2006 kan fam 467,200, kuma wallahi in kin cire yankan nan ba abin da ya rage sai yadi.

Ki kuma tambayi kanki me ya sa aka saka wa jarumar wannan rigar a nan. A Gone with the Wind na 1939, koriyar rigar karan-miski da Walter Plunkett ya yi wa Vivien Leigh, a labarin daga labulen gidansu aka ɗinka ta, don yaƙi ya talauta su kuma tana so ta je neman kuɗin haraji ba tare da an gane ba ta da ko sisi. Shi ya sa ɗamarar rigar igiyar labule ce da tuntayenta. Nauyinta da yawan yadinta duk na labarin ne. In kika kwafe ta yadda take kika shiga taro a watan Afrilu, zafi kaɗai ya ishe ki. Abin ɗauka a wurinta kalar ne da yadda aka bar ado ɗaya tak a ƙugu.

Mataki na biyu: kar ki yarda da kalar da kika gani

Wannan ya fi shafar finafinai marasa kala. Masu tsara kaya a lokacin ba kalar da ido ke gani suke nema ba, yadda za ta fito a toka-toka suke nema. A Jezebel na 1938 duk labarin ya rataya ne a kan jar rigar da Bette Davis ta saka zuwa wani taron rawa da ake so 'yan mata su zo da farare, amma rigar da Orry-Kelly ya yi ba ja ba ce, ruwan tagulla ce, don ita ce ta fi ba da wannan duhun a fim. Edith Head, wadda ta ci kyautar Oska, babbar kyautar finafinai ta Amurka, har 8 a tsara kaya, an san ta da gilashi mai duhu-duhu, kuma asalinsa mai shuɗin ido ne da ake dubawa don a ga yadda yadi zai fito a fim mara kala. Abin ya kai ga lokacin da aka fara ba da Oska ta tsara kaya, daga finafinan 1948, gida biyu aka raba ta, ta masu kala dabam ta marasa kala dabam, aka daɗe ana haka har cikin shekarun 1960.

Ko a masu kalar ma fari ba fari ba ne. Fari tas yana ƙyalli ya kashe ido a ƙarƙashin fitilun ɗaukar fim, don haka sai su rage masa haske. Shahararriyar farar rigar Marilyn Monroe ta The Seven Year Itch na 1955, wadda William Travilla ya yi, ruwan madara ce. Wannan darasi ne da ya shafe mu kai tsaye, don yanzu duk biki akwai mai bidiyo da fitilarsa, in kin sayi fari tas mai sheƙi za ki fito a hoto ba a ganin ko layin ɗinki ɗaya. Ki ɗauki ruwan madara ko ruwan ƙwai mai haske.

To abin yi shi ne ki duba bambancin haske da duhu, ina ne ya yi duhu, ina ne ya yi haske, ina ne ke sheƙi, sannan ki zaɓi kalar da ta karɓi fatarki.

Mataki na uku: ki gane yankan

A nan ne aikin yake, kuma a nan zan daɗe. Yawancin rigunan nan da suka yi suna suna faɗawa cikin iri uku ne, in kin iya bambance su kin gama rabin magana da telanki.

Akwai yankan karkace, wanda teloli ke cewa bayas. Maimakon a shimfiɗa fatan, wato takardar awon da ake bi a yanka yadi, a bi tsawon yadi, sai a karkata shi ya bi kusurwa, digiri 45, sai yadin ya samu ɗan ja ya bi jiki ya zubo da kansa ba dat (ɗinkin tsuke yadi) ba tattara. Madeleine Vionnet ce ta fito da shi fili a Faris, Holiwud ta ɗauka a shekarun 1930. Farar satin ɗin da Adrian ya yi wa Jean Harlow a Dinner at Eight na 1933 ita ce misalin da kowa ke kawowa. Alamarsa a hoto, za ki ga layin ɗinki na tafiya a karkace a wajen ƙugu ko cinya, ƙasan kuma yana yin igiyar ruwa ba tare da an ƙara masa komai ba. Ki sani irin waɗannan ana matse su ne har zama ya gagara, a wurin ɗaukar fim akwai wani allo da jarumai ke jingina da shi a tsaye don kar riga ta yamutse. Ke kuwa za ki shiga mota, za ki zauna a kujera, za ki durƙusa gaida manya, don haka dole a sakar miki, ki ce a bar inci biyu ko uku a hips. Kuma yana cin yadi sosai, kar ki yi mamaki in tela ya ce ki ƙaro.

Na biyu shi ne matsattsen sama da buɗaɗɗen siket, salon da Christian Dior ya fito da shi a 1947 ya mamaye finafinan shekarun 1950. A ganina babu wadda ta kai rigar da Edith Head ta yi wa Grace Kelly a Rear Window na 1954, ita ce ma nake ba kowa shawarar ta fara da ita. Saman baƙi ne, ya kama jiki, wuyansa V gaba da baya, da ɗan guntun hannu. Siket ɗin fari ne, shifon a kan net hawa-hawa, ya sauko tsakiyar ƙwauri, an yi masa aikin baƙin reshe da ya fara daga ƙugu ya bazu ƙasa kaɗan, sai siririn baƙin bel, sai farin shifon da ta yafa a kafaɗa. A fim ɗin ma ita da bakinta ta ce daga Faris aka kawo ta kuma kuɗinta dala 1,100 ne, don mai kallo ya gane tazarar da ke tsakaninta da saurayinta mai ɗaukar hoto da ke zaune da karyayyar ƙafa. Abin da ya sa nake son ta, kala biyu ce kawai, ado wuri ɗaya, kuma tana karɓar gyara, in kin ƙara tsawo kin ɗaga wuya kin sa hannu ba abin da ta rasa, yafen nan kuwa mayafi ne ya zo da kansa.

Lissafin siket ɗin ba wuya. In cikakken zagaye kike so, ki raba awon ƙugunki da 6.28, abin da ya fito shi ne nisan da za a auna daga kusurwar yadi a zana ramin ƙugu. Mai ƙugu inci 30 za ta samu kusan 4.8. Ki ƙara tsawon siket, a ce 40 in har idon sawu ne, ya zama kusan 45. Wannan sai yadi mai faɗin 60, a yanka rabin zagaye biyu, zai ci yadi 5 hawa ɗaya. In kuma tattara za a yi, wanda shi ya fi kama da na fim ɗin, ki ninka ƙugunki sau uku a kowane hawa na shifon, ki sa aƙalla hawa biyu don kar ya nuna.

Na uku namu ne na gida kusan, don wa ya tashi a Arewa bai ga fim ɗin Indiya ba. Rigar da ake kira anarkali ta yi suna ne daga Mughal-e-Azam na 1960, fim ɗin K. Asif, inda Madhubala ta fito a matsayin Anarkali tana rawa a ɗakin madubai. Saman ya kama jiki zuwa ƙasan ƙirji ko ƙugu, daga nan sai ƙasan ya buɗe, amma ba tattara ba ce kuma ba zagaye ba ne, falle-falle ne aka haɗa, kowanne siriri a sama mai faɗi a ƙasa. Shi ya sa ba ta ƙara wa ƙugu kauri amma in aka juya sai ta tashi. In awon wurin da za a haɗa inci 30 ne kika zaɓi falle 12, kowanne zai zama inci 2 da rabi a sama, a ƙasa ki ba shi 10, sai ki ƙara rabin inci kowane gefe na ɗinki. In kina son buɗewa sosai ki je 16 ko 24. Dabarar tsimin yadi ita ce a riƙa juya fallen wajen yanka, ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa, amma ban da karan-miski da duk yadin da zanensa ke kallon gefe ɗaya, in kika juya waɗannan rigar za ta fito kala biyu.

Mataki na huɗu: yadi

Ki shiga kasuwa da hotunanki, in a Kano kike Kantin Kwari ba abin da babu, amma kar ki saya don kalar ta burge ki. Ki ce a warware miki kamar yadi biyu, ki ɗaga ki sake shi ki ga yadda yake zubowa, ki damƙe gefe a hannu ki saki ki ga ko ya riƙe yamutsa, ki haska shi da fitilar waya. Yankan karkace yana son yadi mai laushi mai ɗan nauyi, satin mai kauri ko kiref. Siririn satin mai arha yana tona duk wani layi na jiki da duk kuskuren allura. Buɗaɗɗen siket yana son shifon da net, saman kuma yadi mai jiki da ba ya ja. Anarkali tana karɓar kusan komai mai laushi. Atamfa da shadda suna da tauri, za su yi miki siket irin na 1950 da kyau ƙwarai, amma ba za su taɓa zubowa irin satin ɗin Harlow ba, kar ma a fara.

Mataki na biyar: a gwada da akoko tukuna

Na san wannan ne za a ce ɓata lokaci ne, amma dan Allah kar ki tsallake. Ki sayi akoko ko wani yadi mai arha, a ɗinka saman rigar kawai da manyan ɗinki, ki saka. A nan ne za ki yi duk gyaran da ya dace da ke. In wuyan ya yi ƙasa a ɗaga shi, kuma akwai wuyan da ya fito daga fim ma da ya rufe ƙirji tsaf, wanda ya miƙe daga kafaɗa zuwa kafaɗa, shi ne na baƙar rigar Audrey Hepburn a Sabrina na 1954, har yau da sunan fim ɗin ake kiransa. In babu hannu a sa, dogo matsattse ko mai tsayawa ƙasan gwiwar hannu ya fi tafiya da waɗannan salon. Abu ɗaya da zan roƙe ki, in kin ƙara wani abu ki rage wani. Kin sa hannu kin ƙara tsawo, to kar ki zo ki ƙara duwatsu da leshi da fulawa a kafaɗa, rigunan nan kyansu a taƙaita ado yake. In kuma manyan hannaye kike so, ki je ki kalli farar rigar da Adrian ya yi wa Joan Crawford a Letty Lynton na 1932, kafaɗun sun yi tuli da tattara amma sauran jikin shiru.

Da akokon a jikinki ki ɗaga hannu sama, ki zauna, ki sunkuya, ki yi numfashi mai zurfi. Duk inda ya ja ko ya yi jaka a sa fil a zana da alli, sannan a farke a mayar da shi fatan. Su ma masu fim ɗin motsi suke fara dubawa. Bhanu Athaiya, wadda ita ce 'yar Indiya ta farko da ta ci Oska, a 1983 da fim ɗin Gandhi, da za ta yi wa Mumtaz sari ruwan lemo a Brahmachari na 1968 sai ta ɗinke ninkin tun daga farko ta sa zif a gefe, don ta yi rawa ba tare da ya warware ba.

Mataki na shida: cikin rigar

Riga irin wannan kamar gini ce, in tushe bai yi ba fenti ba zai tsayar da ita ba. Baƙar satin ɗin Rita Hayworth a Gilda na 1946 ba ta da ko igiya a kafaɗa, amma ta yi rawa a ciki ba ta zame ba, saboda Jean Louis ya gina mata wani abin riƙo a ciki. Ke ba sai kin kai nan ba, amma matsattsen sama yana buƙatar shafi mai kyau, da gam da aka manna da dutsen guga a wuya da gaba, da siririyar robar nan da ake zurawa a layin ɗinki na gefe don kar ya naɗe. Ki ce a sa miki ɗamara ta ciki, wato tef mai ƙarfi daidai ƙugu da ɗan ƙugiya, ita ce za ta ɗauki nauyin siket ɗin maimakon kafaɗarki, kuma tana rage wa zif wahala. Net ɗin da zai ɗaga siket a yi shi dabam kamar ɗan fatari, da shafi mai laushi a ƙarƙashi don kar ya karce ƙafa, hakan ya fi sauƙin wanki kuma za ki iya saka shi da wata rigar.

Wajen ɗinkin kansa, satin da shifon suna son siririyar sabuwar allura, tsohuwa tana jan zare ta bar layi. A shimfiɗa takarda a ƙasa kafin a yanka don kar ya zame, fil kuma a sa shi a bakin da ɗinki zai rufe, don satin ba ya mance huda. A yankan karkace kar a ja yadin yana shiga keke, a bar shi ya tafi da kansa, in ba haka ba layin zai yi ta murɗewa kuma guga ba ta gyara shi. Karan-miski ba a ɗora masa dutsen guga, tururi ake ba shi ta baya.

Mataki na bakwai: kalmasar ƙasa da gwajin ƙarshe

Duk rigar da ke da karkace a jikinta, har da siket mai zagaye da anarkali, kar a kalmashe ƙasanta ranar da aka haɗa. A rataye ta kwana ɗaya cur, in yadin mai nauyi ne kwana biyu, za ki ga wasu wuraren sun sauko sun fi wasu tsawo. Sai ki saka ta da takalmin da za ki fita da shi, ki tsaya a miƙe, wani ya auna daga ƙasa zuwa sama da ruler yana zagayawa yana sa alama, a daidaita sannan a yi siririyar kalmasa. Wannan kaɗai ya sa bai kamata ki kai ɗinkin nan ana saura kwana uku biki ba, ki ba tela sati uku zuwa huɗu, kuma ki biya shi kuɗin gwajin akoko dabam don aiki ne.

In an gama ki sa a ɗauke ki bidiyo da waya kina tafiya, kina juyawa, ta gaba da ta baya, sau ɗaya a hasken rana sau ɗaya da dare da filasha, ki ajiye kusa da hotunan da kika ɗauka a mataki na farko ki duba layin kafaɗa, wurin da ƙugu ya tsaya, da yadda ƙasan ke motsi. Yawanci gyaran da ke fitowa a nan na ƙugu ne, a ɗaga shi ko a sauke shi inci ɗaya. Wajen ajiya kuma, mai yankan karkace a naɗe ta a kwantar, in ta daɗe a rataye za ta ci gaba da tsawo, buɗaɗɗen siket ɗin kuwa a rataye shi ta madaukan da aka ɗinka a ɗamarar ciki, ba ta kafaɗa ba.